Ɗan Jiran Tekun Shuni

Da sunan Allah nake buɗe baki, Wanda Ya ce wa tudu zauna ya zauna, Ya ce wa ruwa tafi ya tafi, Ya ɓoye abin da Ya ga dama a ƙarƙashin kowannensu. Ni ne Tunau ɗan Jatau, mai tufkar igiya, mutumin Birnin Ƙwaryatara a ƙasar Maizuma, inda babban ruwan da muka sani shi ne rijiyar kasuwa. Ku matso ku ji abin da ya kai ni Tekun Shuni, da abin da na baro a can, da abin da ya biyo ni gida. Wanda bai yarda ba ya yi haƙuri, in na kai ƙarshe zan kwance ƙyallen nan da ke wuyan hannuna.

Mu biyu Inna ta haifa. Yaya Arzika marini ne, hannunsa shuɗi har gwiwa, kuma mutum ne wanda in ya ga launi a jikin fiffiken ƙwaro sai ya kasa cin abinci. Wata rana wani matafiyi mai dogon surutu ya zauna a bakin karofi, ya ba shi labarin wani kifi a ƙarshen duniya wanda shuɗi da kore da ruwan zinariya ke yawo a jikinsa, babu marinin da ya taɓa haɗa irinsu. Da na san abin da zai biyo baya, da na cusa wa matafiyin nan ƙullin rama a baki. Bayan kwana uku Yaya ya ɗaure kayansa.

Shekara bakwai ba shi ba labarinsa. Idon Inna ya tafi a shekara ta huɗu, amma hannunta bai manta ba. Kullum in ta tuƙa tuwo akushi uku take zubawa, nata da nawa da na Yaya, ta rufe nasa da faifai. Da safe ni ke cinye shi. Shekara bakwai ina cin ɗumamen mutumin da ba ya nan, kuma ban ɓoye muku ba, haushinsa nake ji a kowace loma.

Ran nan ta ajiye muciya ta ce, "Tunau, ka je ka zo mini da yayanka."

Na ce, "Inna, ni da nake gabanki ba ki ƙoshi da ni ba?"

Ta ce, "Na ƙoshi. Shi ya sa kai zan iya aika."

Na bar ta a hannun ƙanwar babanmu, na yi mata alkawari da bakina cewa zan kawo shi har ɗakinta.

Ba zan gajiyar da ku da lissafin ƙasashe ba. Na ratsa filin gishiri inda raƙuma ke tafiya da takalma, na haye kogin da ke gudu gabas yau, gobe ya juya yamma. Amma a Kwazazzabon Gizo na kusa ƙarewa. Mutanen can gadarsu ta igiya ce, ta ruɓe, mai tufkarsu kuma ya mutu. Da suka ga aikin hannuna sai suka ce ai na zo ke nan. Na tufka musu gada, suka saka mini ta hanyar ɗaure ƙafata a turke da igiyar da ni na tufka, suka ƙwace wuƙata. Kwana ashirin ina goga igiyar da sakaina, ko gezau, domin igiya mai sanyi lanƙwashewa take, ba ta yankuwa. Sai wata rana bijimin mai gadina ya zo kiwo kusa. Na zarga tsakiyar igiyar a ƙahonsa, na ɗaka masa duka, ya zabura, igiya ta miƙe har tana kuka. Taɓawa ɗaya na yi mata da sakainar nan ta rabu biyu. Na haye gadarsu da gudu, ban yi musu sallama ba.

A wata na tara na ji ƙamshin gishiri, na gangara wani gari a bakin teku, ana ce masa Tungar Zawarawa. Ban tambayi dalilin sunan ba, na gani da idona. Mata ke sassaƙa jirgi, mata ke ɗinke taru, mata ke kiran farashin kifi. Na tari wata na ce ina neman wani baƙo, Arzika marini. Ta dube ni, ta tofar da yawu, ta ja ƙyaurenta. Haka ta biyu, haka ta uku. Har raina ya fara ɓaci, sai wata dattijuwa baƙa, doguwa, da ke zaune tana ɗinke bakin wani ƙaramin kifi da allura, ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Kai mene ne naka da shi?"

"Ƙanensa ne ni, Goggo."

"To yana nan. Kullum yana nan." Ta nuna teku da allurar. "Sunana Ladingo. Ba zan gaya maka komai ba sai ka koyi kamun maigoshi. In na gaya maka yanzu, haukan da ya ci mazan garin nan zai ci ka."

Maigoshi shi ne kifin da Yaya ya zo nema. Suna kiransa haka don namijin goshinsa a tsaye yake kamar bango. Jirgin Goggo Ladingo mai zanen iska ne, mutum biyu ke cikinsa, ita da ƙanen mijinta, Cindo, wani gajeren mutum mai furfura wanda tun ranar farko ya laƙaba mini Malam Igiya. Kwana uku na farko amai kawai na yi, shi kuwa yana cewa in ci gaba, kifi na godiya.

Kamun maigoshi ba zama ake yi a jefa fatsa a yi gyangyaɗi ba. Nesa ake fita, har ƙasa ta ɓace, ruwa ya tashi daga kore ya koma shuɗi tsantsa. Jirgi na tafiya, ana jan ƙugiya a bayansa. Igiya huɗu Goggo ke saki. Biyu a kan dogayen gora da ake miƙawa dama da hagu, su ne masu nisa, biyu kuma gajeru daga bayan jirgi, kuma babu biyun da tsawonsu ya zo ɗaya, don kada su sarƙe in an juya. Abincin ƙugiya ƙaramin kifi ne mai fiffike. Sai an ɗinke bakinsa an karya ƙashin bayansa, in ba haka ba juyi zai riƙa yi a ruwa, maigoshi kuwa ba wawa ba ne. A ɗaura masa gashin zakara a ka. Gudun jirgi kuma sai ya zama daidai yadda abincin zai riƙa tsalle a fuskar ruwa, ya nutse, ya fito, kamar mai gudun ceton rai.

Goggo sama take kallo fiye da ruwa. Akwai wani baƙin tsuntsu mai wutsiya irin almakashi, in ya yi ƙasa yana shawagi wuri ɗaya, to kifi na ƙarƙashinsa. Sai kuma layin ciyawar teku mai ruwan ɗorawa, da duk abin da ke yawo a kan ruwa, gungume ne, tsohon ƙyaure ne, domin maigoshi na son inuwa. Ba a bi ta kansu. Ta gefe ake wucewa, a yi juyi mai faɗi. Na lura in jirgi ya juya, igiyoyin ba sa bin sawunsa, yanke suke yi ta ciki, ta wajen cikin kuma ta yi sanyi ta nutse. Cindo ya ce abin da na lura da shi ke nan duk yini, lallai Malam Igiya ne.

Ranar da na fara ganin maigoshi a ƙugiya, na yafe wa Yaya rabin laifinsa. Ya yi tsalle sama da tsayin mutum, rana ta doke shi, launin nan ya watsu har na rufe ido. Amma da Cindo ya ɗago shi ya kwantar a cikin jirgi, kafin in gama salati launin ya tsiyaye. Ya koma ruwan toka kamar tsohuwar tukunya.

Kifi na biyu da ya kama, na kai hannu zan jawo, Goggo ta buge mini hannu.

"Wannan ɗan jira ne. Bar shi a ruwa."

Ta rage igiyarsa har ya zo kusa da jirgi, ta ɗaure. Sai ga matarsa ta taso tana gogarsa, sai ga garken gaba ɗaya, ruwa ya cika da wuta. Muddin ɗayansu na ɗaure a nan, ba sa tafiya. In suka fara janyewa, sai Goggo ta fizgi igiyar ɗan jira ya yi fantsama, su dawo. Muka kama har hannuna ya yi jini. Da muka gama ta sunkuya, ta zare masa ƙugiya a hankali, ta ce masa ya yi haƙuri, ta sake shi.

"Ɗan jira ba a ɗaga shi," in ji ta. "Da shi muka ci 'yan uwansa. Abin da ya rage masa ke nan a wurinmu."

A kwana na arba'in ta zaunar da ni a bakin gaɓa da hantsi, ta ce Cindo ya faɗa mini, tunda shi ya gani.

Cindo ya daina wasa. Ya ce, "Yayanka ya gane cewa launin a ruwa kaɗai yake tsayawa. Sai ya shiga jirgin wasu da babbar randa, ya cika ta da ruwan teku. Ina cikin jirgin da ke kusa da su. Da aka gama kamu, kafin kowa ya farga, ya ɗaga ɗan jira ya jefa a randa. Iska ta ɗauke cak. Ciyawar teku ta taso ta kewaye su, a cikinta akwai igiyoyi, daga ƙasa suke zuwa. Mu muka tsere da filafili. Su ba su dawo ba. Bayan kwana bakwai aka gan shi, shi kaɗai, rungume da ƙyaure, ruwa har ƙirji, yana kiran mutane da sunayensu."

"Ba wanda ya je ya ɗauko shi?"

Goggo ce ta amsa. "Mijina Nomau ne ya fara zuwa. Sai 'ya'yana biyu suka bi ubansu. Jirgi goma sha ɗaya, ɗan nan. Kowa ya isa sai ya sauke zane ya tsaya zai ɗago shi, kuma duk wanda ya tsaya bai dawo ba. Abin da ke ƙasa ya koyi sana'armu. Ya bar ɗaya a ruwa."

Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Amma hannuna ya riga kaina tunani. Na ce, "In ɗan jira ne, to igiya ke riƙe da shi. Igiya kuwa aikina ce."

Kwana shida na yi ina tufka wata mai kauri, na jera lauje tara a ƙarshenta, na ɗaura mata dutse don ta yi ƙasa. Shawarar ita ce ba za mu tsaya ba ko da numfashi ɗaya. Jan ƙugiya za mu yi, mu wuce ta gefensa, laujen su tsinke abin da ke riƙe da shi a ƙarƙashin ruwa. Goggo ta ce ta yarda, amma in sani ba don Yaya za ta je ba, don matan garin da 'ya'yansu maza suka fara girma za ta je.

Rana na tsaka muka same shi. Tsuntsaye sun yi da'ira a sama, ba mai kuka a cikinsu. Ƙyauren na tafiya a hankali yana saɓa wa iska. Ga Yaya, bai tsufa da kwana ɗaya ba, rigarsa da fatarsa suna walƙiya da launin nan da ya bar gida dominsa. A ƙarƙashinsa ruwa ya yi duhu, faɗin duhun ya fi kasuwarmu. Ban ga abin ba, kuma ina gode wa Allah da ban gan shi ba.

"Tunau," in ji shi, muryarsa kamar yana zaune kusa da ni a zaure. "Tunau, tsaya mana. Na gaji."

Wallahi hannuna ya kai kan igiyar zane zan sauke. Cindo ya riƙe ni ta ƙugu. Muka wuce shi da tazarar taku ashirin, na ji laujen sun taɓa wani abu, suka zame. Igiyarsa a sake take.

Muka kewayo karo na biyu. Wannan karon ya dube ni sosai, ya ce da wata murya ƙasa-ƙasa, "Kada ka saurari kirana, ba ni ke yi ba. Inna na da rai?"

"Tana nan, Yaya. Tana zuba maka tuwo."

Ya sunkuyar da kai. Laujen suka sake zamewa, ciyawa kuma ta fara taruwa a gefenmu, zane ya fara laushi. Na ce wa Goggo in igiyar ba ta miƙe ba, har gobe ba za ta yanku ba.

Ta ce, "In garke ya juya zai tafi, me nake yi?"

Ta karkata jirgi, muka ba shi baya kamar mun haƙura. Ba mu yi nisa ba aka fizge shi. Ƙyauren ya yanko ruwa yana bin mu, Yaya na ihu yana kiran sunana, yana kiran sunan Inna, ruwa na fantsama. Na ji kukan igiyar nan ta cikin katakon jirgi, irin kukan da ta Kwazazzabon Gizo ta yi. Na ce yanzu. Goggo ta yi juyi mai faɗi ta kewaye shi, igiyata ta yanke ta ciki ta nutse, yadda na gani kwana arba'in. Aka fizge ni har na daki bayan jirgi. Sai igiyata ta yi sanyi, laujen sun tsinke tasa. Duhun da ke ƙasa ya yi baya, ya nutse.

Cindo ya wurga masa igiyar gora, ya kama, muka jawo shi jirgi na tafiya. Na kwanta a gefen jirgi na miƙa hannu. Ya kama wuyan hannuna na dama, na kama nasa, na fara ɗagawa.

Goggo ta ce, ba da ƙarfi ba, "Ɗan jira ba a ɗaga shi."

Na ce, "Wannan ba kifi ba ne, ɗan uwana ne. Na yi wa uwarmu alkawari."

Na ja. Ƙirjinsa ya fito, cikinsa ya fito, sai na ga launin na tsiyayewa daga kafaɗarsa. Hannun da nake riƙe da shi ya koma toka, ya yi sanyi, ya rame a cikin tafina. Gashinsa ya yi fari ina kallo. Fuskar da ke dubana ta fara faɗawa.

"Tunau," in ji shi, "shekara bakwai ban ci ba ban sha ba. Me kake tsammani za ka kai mata? Ka yanke, ka gama aikinka. Sake ni."

Na zage shi. Na ce masa mai son kai, na ce ɗumamensa ya ishe ni, na faɗi duk abin da na tara, ina kuka kamar ba namiji ba. Ya ce na yi gaskiya. Sannan na buɗe yatsuna. Nasa suka daɗe kaɗan kafin su buɗe.

Da ya koma ruwa launin ya dawo masa. Ya yi ƙasa kaɗan, ya juya gabas. Sai ga su suna tasowa daga zurfi, ɗaya bayan ɗaya, mazan Tungar Zawarawa, suna walƙiya, suka jeru a bayansa. Goggo ba ta saki filafilin juyi ba. Na dai ji tana kiran suna uku a hankali, tana maimaitawa, har suka ɓace. Cindo ya rufe fuska da hula. Iska ta dawo, ta kai mu gida kafin la'asar.

Matan garin suka ba ni guzuri, waɗanda suka tofar da yawu ma sun kawo busasshen kifi. A hanya na lura inda Yaya ya riƙe ni ya bar zobe a fata, shuɗi da kore da ruwan zinariya. Na wanke da toka, na goga da dutse, yana nan. Na kuma lura da wani abu da ban gaya wa kowa ba. Duk ranar da rana ta tsaya tsaka, sai in ji an ɗan ja ni ta wurin, ja ɗaya, mara ƙarfi, ta wajen teku. Goggo ta taɓa koya mini cewa in babban kifi ya kama, ba a gardama da shi, sakar masa igiya ake yi ya yi gudunsa har ya gaji.

Na iso Ƙwaryatara gab da tsakar rana. Inna na zaune bakin murhu, akushi uku a gabanta. Ta ji takuna ta ce, "Taku ɗaya nake ji."

Na durƙusa na faɗa mata komai, ban rage ba, har zagin da na yi masa. Ta ce in ba ta hannun. Ta shafa zoben, ta kai hancinta, ta ce ƙamshin baban rini ne da gishiri. Tana riƙe da shi aka yi jan nan. Na ga ta ji, domin yatsunta sun ƙanƙame ni. Matar mai tufka ce, uwar mai tufka, ta san igiya in ta taɓa.

Sannan ta lalubi akushin Yaya, ta ɗauraye shi, ta kife shi a kan rumbu.

"Ni na aike ka," in ji ta. "Na riƙe ɗaya a raina, na jefa ɗaya a bayansa. In ta ja ka, Tunau, ba zan aiki kowa ba. Kuma ba zan zuba maka tuwo ba."

Na ce, "Na gode, Inna." Muka ci abinci mu biyu.

Ta rasu bayan damina uku, ni na sa ta a kabari da wannan hannun. Ga shi na kwance, ku duba da kyau, amma kada marini ya matso. Jan ya ƙara ƙarfi bana, jiya har ya kayar mini da moɗa. Shi ya sa na tara ku na ba ku labarin da bakina tun ina iyawa. Duk ranar da kuka wayi gari kuka ga rumfata a rufe, igiyoyina a rataye, ko wani matafiyi ya zo ya ce ya gan ni a ruwa ina kiran sunayenku, ku ba shi ruwa ya sha, ku yi mini addu'a. Kada kowa ya biyo ni.

Iyakar abin da na gani ke nan. Abin da ke ƙasa da shi, Mai ruwa Shi Ya sani.